Yadda ake gina teburin kwanan wata mai zanguna a Power BI don rahoton ciniki

Tambayoyin da maigida ke yi wa mai haɗa rahoto a Power BI, manhajar Microsoft ta tsara bayanai, ba su cika canzawa ba. Nawa aka sayar a kwana bakwai da suka wuce? Watan nan ya fi watan jiya ko bai kai ba? Azumin bana ya kamo na bara? Dukkansu tambayoyi ne na lokaci, kuma teburin ciniki shi kaɗai ba ya iya amsa su daidai, domin ranar da ba a sayar da komai ba babu ita a cikinsa. Shi ya sa ake gina tebur na musamman mai ɗauke da kowace rana, layi ɗaya ga rana ɗaya, sannan a jingina sauran teburori da shi.

Ka riƙe wannan ƙa'ida tun daga farko: ba a yanke ranaku daga teburin kwanan wata don a samu zango, wato wani yanki na lokaci da ake son dubawa. Teburin yana zama cikakke, daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, babu giɓi. Sharuɗɗan, wato kwana 30 na ƙarshe, watan azumi, shekarar kuɗi da sauransu, a ginshiƙai ake rubuta su ko a wani ƙaramin tebur na gefe. Wanda ya tace teburin ya bar wata uku kacal, ranar da aka ce ya kwatanta da bara zai tarar babu inda lissafin zai taka.

Misalin da za mu bi na dilan kayan masarufi ne, mai sayar da sukari, shinkafa da madara. Yana da tebur mai suna Ciniki, da ginshiƙan RanarSayarwa, RanarBiya da Kudi. Na rubuta sunayen ba tare da ƙugiya ko tazara ba don su yi sauƙin bugawa a cikin lissafi.

Mataki na 1: Gyara ranakun tun a Power Query

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya na DAX, wato harshen lissafi na Power BI, shiga Transform data, wanda ke buɗe Power Query inda ake gyara bayanai, ka duba ginshiƙin RanarSayarwa. Abu uku ne ke ɓata aiki a nan.

Na farko shi ne tsarin rubutu. Mu rana muke fara rubutawa kafin wata, Amurkawa kuwa wata suke farawa da shi. Idan kwamfutarka na kan tsarin Amurka, 03/04/2025 da akawunka ya rubuta da nufin 3 ga Afrilu za ta shigo a matsayin 4 ga Maris, kuma babu wani gargaɗi da za ka gani. Ranakun da suka wuce 12 ne kawai za su nuna kuskure, sauran su shige shiru a birkice. Maganinsa: danna dama a kan ginshiƙin, zaɓi Change Type, sai Using Locale, ka sa nau'in Date da yankin Ingilishin Najeriya ko na Birtaniya.

Na biyu shi ne sa'a da ke manne da rana. Na'urorin shago sukan rubuta 1 ga Maris 2025 ƙarfe 2:35 na rana. A teburin kwanan wata kuwa kowace rana tana tsaye ne a ƙarfe 12 na dare, don haka ba za su haɗu ba. Mayar da ginshiƙin zuwa Date zalla. In kana buƙatar sa'ar, ware ta a ginshiƙinta daban tukuna.

Na uku, gurbin da aka bari babu komai ko aka sa sifili. DAX yana karanta sifili a matsayin 30 ga Disamba 1899. In ka ga wannan rana a rahotonka, daga nan ta fito.

Mataki na 2: Kashe kalandar da Power BI ke yi da kansa

Shiga File, Options and settings, Options, Data Load na fayil ɗin da kake ciki, ka cire alamar Auto date/time. In ka bar ta, Power BI yana ƙirƙirar ɓoyayyen tebur ga kowane ginshiƙin kwanan wata da ke cikin aikin. Fayil ya yi nauyi, kuma ba ka da ikon ƙara komai a waɗannan teburori.

Mataki na 3: Gina teburin da iyakoki masu sharaɗi

Akwai CALENDARAUTO, wanda ke duba duk ranakun da ke cikin aikin ya zaɓi iyaka da kansa. Ban cika ba da shawararsa ba. In akwai teburin ma'aikata mai ranar haihuwa, kalandarka za ta faro daga shekarar da aka haifi dattijon ofis. In wani ya buga 2205 maimakon 2025, za ka samu ranakun shekara 180 da ba ka nema ba. Gara ka yanke iyakar da kanka. A Modeling zaɓi New table ka rubuta:

Kalanda =
VAR Farko = MINX(FILTER(Ciniki, Ciniki[RanarSayarwa] >= DATE(2015, 1, 1)), Ciniki[RanarSayarwa])
VAR KarshenCiniki = MAXX(FILTER(Ciniki, Ciniki[RanarSayarwa] <= TODAY()), Ciniki[RanarSayarwa])
VAR Karshe = MAX(KarshenCiniki, TODAY())
RETURN
SELECTCOLUMNS(CALENDAR(DATE(YEAR(Farko), 1, 1), DATE(YEAR(Karshe), 12, 31)), "Rana", [Date])

Ga abin da ke faruwa. Farko yana neman ranar ciniki mafi daɗewa, amma ya ƙi duk wadda ta gabaci 2015. Ka sa shekarar da kasuwancin ya fara ajiye bayanai a wurin. KarshenCiniki ya ƙi duk ranar sayarwa da ba ta zo ba tukuna, tunda ba a sayar da kaya a gobe. Daga nan sai a ja farkon zuwa 1 ga Janairu, ƙarshen zuwa 31 ga Disamba, domin lissafin kwatanta shekaru yana buƙatar cikakkiyar shekara. In kana da teburin kasafi na baɗi, ko bashin da wa'adinsa zai faɗa a sabuwar shekara, ƙara 1 a kan shekarar ƙarshe.

Ba kowane kamfani ke rufe littafi a Disamba ba. Bankunan Najeriya da gwamnatin tarayya suna bin Janairu zuwa Disamba, amma Flour Mills of Nigeria a 31 ga Maris yake rufe shekararsa, gwamnatin Amurka kuma a 30 ga Satumba. In naka kamfanin na farawa a Afrilu, iyakokin su koma haka:

DATE(YEAR(Farko) - IF(MONTH(Farko) < 4, 1, 0), 4, 1)
DATE(YEAR(Karshe) + IF(MONTH(Karshe) >= 4, 1, 0), 3, 31)

Wato ranar da ta faɗa Janairu zuwa Maris ta shekarar kuɗin da ta faro bara ce.

Da ka gama, tabbatar ginshiƙin Rana yana kan nau'in Date, danna dama a kan teburin ka zaɓi Mark as date table, ka nuna masa Rana. Sai ka je Model view ka ja Kalanda[Rana] zuwa Ciniki[RanarSayarwa]. Alaƙar ta zama ɗaya ga masu yawa, tacewa na tafiya daga Kalanda zuwa Ciniki kawai. Ja ta biyu zuwa RanarBiya. Za ta fito da ɗigo-ɗigo, alamar tana barci, domin alaƙa ɗaya ce ke aiki tsakanin tebur biyu a lokaci guda. Duk sadda kake son lissafi bisa ranar biya sai ka tashe ta da USERELATIONSHIP a cikin CALCULATE.

Mataki na 4: Ginshiƙan yau da kullum

Waɗannan ba su da wuya, kowanne da New column ake ƙara shi a Kalanda:

Shekara = YEAR(Kalanda[Rana])
LambarWata = MONTH(Kalanda[Rana])
ShekaraWata = Kalanda[Shekara] * 100 + Kalanda[LambarWata]
LambarRana = WEEKDAY(Kalanda[Rana], 2)
Wata = SWITCH(Kalanda[LambarWata], 1, "Janairu", 2, "Fabrairu", 3, "Maris", 4, "Afrilu", 5, "Mayu", 6, "Yuni", 7, "Yuli", 8, "Agusta", 9, "Satumba", 10, "Oktoba", 11, "Nuwamba", 12, "Disamba")

Lamba 2 da ke cikin WEEKDAY tana sa Litinin ta zama 1, Lahadi 7. Yi wa sunayen ranaku irin abin da ka yi wa watanni. Sannan zaɓi ginshiƙin Wata, danna Sort by column, ka nuna LambarWata. In ba haka ba, za a jera su bisa haruffa, ka ga Afrilu, Agusta da Disamba a gaba, Yuni a ƙarshe.

Mataki na 5: Zangunan da ke tafiya da lokaci

A nan aikin ya fara daɗi. Tambayar farko da za ka amsa ita ce: daga wace rana ake ƙirgawa? Yawancin mutane TODAY suke kamawa, amma tana da matsala biyu. Ginshiƙin da aka lissafa da ita ba ya motsawa sai an sabunta bayanai, don haka in sabuntawa ta tsaya ranar Juma'a, rahoton zai ci gaba da ɗaukar Juma'a a matsayin yau har Litinin. Sannan in ka ɗora rahoton a intanet, sabar Power BI, wato kwamfutar da ke riƙe rahoton a can, da agogon duniya na UTC take aiki. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gaba da shi da awa ɗaya, Sudan da awa biyu, Ghana ce kawai ke daidai da shi. In ka saita sabuntawa ƙarfe 12:30 na dare agogon Kano, sabar tana jiya tukuna.

A ganina ya fi kyau a ƙirga daga ranar ciniki ta ƙarshe da ta shigo. Reshen da ke tura bayanai da jinkirin kwana biyu ba zai sa kwana bakwai na ƙarshe su zama kwana biyar da ramuka biyu ba.

TazararRana = INT(Kalanda[Rana] - MAX(Ciniki[RanarSayarwa]))

TazararWata =
VAR M = MAX(Ciniki[RanarSayarwa])
RETURN (YEAR(Kalanda[Rana]) - YEAR(M)) * 12 + MONTH(Kalanda[Rana]) - MONTH(M)

Wannan na aiki ne kawai in ka fara share ranakun kuskure irin 2205 daga Ciniki a Power Query. Yanzu sifili na nufin watan nan, -1 watan jiya, -12 irin wannan wata bara. Shafin da ka tace da TazararWata daga -5 zuwa 0 zai riƙa nuna wata shida na ƙarshe kullum, ba sai ka riƙa shiga kana gyarawa duk farkon wata ba.

Don raba ranaku gida-gida:

Zango =
SWITCH(TRUE(),
Kalanda[TazararRana] > 0, "Gaba",
Kalanda[TazararRana] >= -6, "Kwana 1 zuwa 7",
Kalanda[TazararRana] >= -29, "Kwana 8 zuwa 30",
Kalanda[TazararRana] >= -89, "Kwana 31 zuwa 90",
"Fiye da kwana 90")

Lura da -6 da -29. Ranar ƙarshe ita ce sifili kuma tana cikin ƙirga, saboda haka kwana bakwai daga -6 suke farawa. Wanda ya sa -7 kwana takwas yake ƙirgawa bai sani ba, kuma ranar mako ɗaya za ta shigo sau biyu ta kumbura jimla. Lura kuma da jeri: SWITCH yana tsayawa a sharaɗin farko da ya cika, don haka ƙaramin zango ne ke gaba. In ka ɗora -89 a sama, shi zai haɗiye sauran.

Sai dai ginshiƙi suna ɗaya kawai yake iya ba rana. Maigida kuwa in ya ce kwana 30 na ƙarshe, har da bakwai ɗin yake nufi. Zangunan da ke hawa kan juna tebur nasu suke so, inda rana ɗaya za ta iya fitowa sau da yawa:

Zanguna =
VAR M = MAX(Ciniki[RanarSayarwa])
RETURN UNION(
ADDCOLUMNS(CALENDAR(M - 6, M), "Suna", "Kwana 7 na ƙarshe", "Jeri", 1),
ADDCOLUMNS(CALENDAR(M - 29, M), "Suna", "Kwana 30 na ƙarshe", "Jeri", 2),
ADDCOLUMNS(CALENDAR(DATE(YEAR(M), MONTH(M), 1), M), "Suna", "Watan nan", "Jeri", 3),
ADDCOLUMNS(CALENDAR(DATE(YEAR(M), 1, 1), M), "Suna", "Bana", "Jeri", 4))

Haɗa ginshiƙin kwanan watan wannan tebur da Kalanda[Rana], ka sa Cross filter direction a kan Both don zaɓin da aka yi a Zanguna ya isa Kalanda, daga nan ya wuce Ciniki. Wannan na cikin wurare kaɗan da tacewa ta ɓangare biyu ke da hujja. Kada ka mayar da ita al'ada a sauran alaƙoƙi. Sa Suna a cikin slicer, wato akwatin zaɓi na kan shafin rahoto, ka jera shi da Jeri. Ko mutum ya zaɓi zango biyu tare, ba za a ninka kuɗi ba, domin a Kalanda kowace rana sau ɗaya take.

Mataki na 6: Zangunan da kalandar Bature ba ta sani ba

Ga mai sayar da sukari da madara, ko atamfa da shadda, babu kakar da ta kai azumi da Sallah. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, don haka azumi yana matsowa baya da kwana 10 zuwa 12 kowace shekara. Duba abin da hakan ke yi wa rahoto. A Najeriya an ɗauki azumi ranar 23 ga Maris a 2023, 11 ga Maris a 2024, da 1 ga Maris a 2025. Ke nan Maris na 2023 yana da kwana 9 na azumi, na 2024 yana da 21, na 2025 yana da 29. Ƙaramar Sallah ta faɗa 21 ga Afrilu a 2023, 10 ga Afrilu a 2024, sai 30 ga Maris a 2025. Wanda ya kwatanta Afrilun 2025 da na 2024 zai ga ciniki ya faɗi ya shiga neman mai laifi, alhali cefanen Sallah ne ya koma Maris. SAMEPERIODLASTYEAR, lissafin DAX da ke kwatanta lokaci da irinsa na bara, ba ya ganin wannan ko kaɗan.

Kada ka nemi lissafin da zai fitar maka da ranakun. Ganin wata ake jira, Sarkin Musulmi ya sanar, kuma wani lokaci Nijar da Najeriya sukan bambanta da kwana ɗaya. Da hannu ake shigar da su. A Home zaɓi Enter data ka yi tebur mai suna Kakanni da ginshiƙai uku, Suna, Farko, Karshe:

Azumi, 23/03/2023, 20/04/2023
Azumi, 11/03/2024, 09/04/2024
Azumi, 01/03/2025, 29/03/2025

Ƙara duk kakar da ta shafi sana'arka: makon Babbar Sallah, wadda ta faɗa 28 ga Yuni a 2023, 16 ga Yuni a 2024 da 6 ga Yuni a 2025, komawar yara makaranta, rangwamen ƙarshen shekara. Ya fi kyau teburin ya zauna a fayil ɗin Excel da wani a ofis zai iya ƙara layi a kai in an ga wata, ba sai an buɗe rahoton ba. Ba ya buƙatar alaƙa da kowa. A Kalanda rubuta:

Kaka =
VAR R = Kalanda[Rana]
RETURN COALESCE(MAXX(FILTER(Kakanni, Kakanni[Farko] <= R && Kakanni[Karshe] >= R), Kakanni[Suna]), "Sauran ranaku")

KwananKaka =
VAR R = Kalanda[Rana]
VAR F = MAXX(FILTER(Kakanni, Kakanni[Farko] <= R && Kakanni[Karshe] >= R), Kakanni[Farko])
RETURN IF(NOT ISBLANK(F), INT(R - F) + 1)

Ginshiƙi na biyun shi ne mai muhimmanci. Yana ba ranar farko ta azumi lamba 1, ta biyu 2, har zuwa 29 ko 30. Yi zanen layi, ka sa KwananKaka a ƙasa, Shekara a Legend, ka tace Kaka a kan Azumi. Yanzu ranar goma ga azumin bana tana tsaye kusa da ranar goma ga azumin bara, kuma mai sito zai ga a wane kwana buƙatar sukari ke tashi, a wane kwana ta kayan Sallah ke karɓa. Da irin wannan zane ake yanke shawarar lokacin sayo kaya.

Yawancin sayayyar azumi kafin a ga wata ake fara ta, musamman a wajen dila, don masu shaguna suna cika shagunansu da wuri. Saboda haka ka ƙara layi mai suna Jajibirin Azumi, kwana 14 kafin ranar farko, ko gwargwadon yadda ka san kasuwarka.

Akwai haɗari ɗaya: in kaka biyu suka hau kan juna, MAXX zai ɗauki ɗaya ya yar da ɗayar shiru. Yi ginshiƙin gwaji da COUNTROWS a kan wannan FILTER ɗin, ka nemi inda ya wuce 1. In hawan da gangan ne, kamar azumi ya haɗu da komawa makaranta, ba kowace irin kaka ginshiƙinta.

Mataki na 7: Kwatanta bana da bara bisa adalci

Tunda teburin ya kai 31 ga Disamba, in muna tsakiyar Yuni lissafi zai ɗora cinikin wata biyar da rabi a kan cikakkiyar shekarar bara. Ba a gyara wannan da yanke teburin. Da ginshiƙi ake gyara shi:

DaBayanai = Kalanda[Rana] <= MAX(Ciniki[RanarSayarwa])

Sai ma'aunai biyu, da New measure ake yin su:

Jimla = SUM(Ciniki[Kudi])
JimlarBara = CALCULATE([Jimla], CALCULATETABLE(SAMEPERIODLASTYEAR(Kalanda[Rana]), Kalanda[DaBayanai] = TRUE()))

CALCULATETABLE na ciki yana fara ware ranakun bana da ke da bayanai, sannan a mayar da su baya shekara ɗaya. In bana ta tsaya 15 ga Yuni, bara ma a 15 ga Yuni za ta tsaya.

Zangunan bashi, wato kwana 0 zuwa 30, 31 zuwa 60, 61 zuwa 90 da abin da ya haura, da irin SWITCH na mataki na biyar ake yin su, amma a teburin bashin suke zama, domin sifa ce ta takardar kowane mai bashi, ba ta ranar kalanda ba.

In da Excel kaɗai kake aiki, tsarin bai canza ba. A Excel 2021 ko Microsoft 365, SEQUENCE zai zubo maka ranakun a jere, XLOOKUP mai -1 a gurbin salon daidaitawa zai nemo kakar da farkonta ya fi kusa ta baya, sai ka ƙara IF don tabbatar ranar ba ta wuce Karshe ba. Dole a yi wannan IF ɗin, in ba haka ba duk ranakun bayan Sallah za su ci gaba da amsa sunan Azumi.

Mataki na 8: Gwaji kafin miƙawa

Ƙirga layukan Kalanda. Daga 1 ga Janairu 2023 zuwa 31 ga Disamba 2025 dole su zama 1,096, domin 2024 tana da kwana 366. Sannan yi ƙaramin tebur mai Shekara da Jimla. In ka ga layi marar shekara mai ɗauke da kuɗi, akwai cinikin da ranarsa ba ta sami abokiya a Kalanda ba: ko sa'a ce manne da ita, ko ta faɗa wajen iyakar da ka sa, ko gurbin babu komai. Danna layin ka ga takardun da ke ciki, ka mayar wa akawu ya gyara su a tushe.

Daga nan gwada bakin kowane zango. Zaɓi Kwana 7 na ƙarshe ka ƙirga ranakun da idonka. Duba 29 ga Maris 2025 ta fito Azumi da lamba 29, 30 ga Maris kuma ta fita daga ciki. A ƙarshe ɗauki jimlar wata guda da aka riga aka rufe, ka kai wa akawu ku duba da littafinsa, naira da naira, kafin rahoton ya isa teburin maigida.